Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Ce Kiɗan Mahaifina Nasa Ne

Zuwa ga Manajan kamfanin rarraba waƙoƙi,

Assalamu alaikum, yallaɓai. Bayan gaisuwa, na fito da kukana bainar jama'a ne domin sau uku ina aiko muku da wasiƙa ta imel, sau uku na'ura tana amsa mini da magana ɗaya: an karɓi saƙona, ana dubawa. Yau wata huɗu ke nan ana dubawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, kuma shi ma gado ya yi. Daminar ƙarshe da ya fita da ƙarfinsa na bi shi wata gayya da wayata. Na ɗauke shi yana kaɗa wa manoma take, samari sun ja layi kowa da garmarsa ana huɗa, maroƙi na bin su da kirari. Minti goma sha ɗaya ne duka. Na sa bidiyon a intanet don 'yan'uwanmu na Kano da Legas da Maraɗi su gani. Da ya rasu, nan ne mutane suka riƙa zuwa suna rubuta ta'aziyya da addu'a, har da waɗanda ya taɓa kaɗa wa tun ba a haife ni ba.

Bayan shekara biyu wani yaro mawaƙin situdiyo ya yanki kiɗan nan daga bidiyona, kamar daƙiƙa arba'in, ya ɗora masa fiyano da muryarsa, ya kawo muku kuka rarraba. Na ji waƙar a wayar wani mai shayi, na gane hannun Baba nan take, ban ce uffan ba. Da yana raye dariya zai yi, ya ce yaron ya iya zaɓe. A gidanmu ba a taɓa hana wani kaɗa take ba. Abin da ake ƙi shi ne mutum ya ce shi ya ƙirƙira.

Sai ga saƙo: wai bidiyona yana ɗauke da sautin da kamfaninku ya mallaka, saboda haka ɗan kuɗin tallan da yake samu ya koma asusunku. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! An ɗebi kiɗa daga wurina, an yi masa rajista da sunan wani, sannan na'urarku ta dawo ta kama asalin tana cewa shi ne kwaikwayo. Ranar da na sa bidiyon tana nan a rubuce, ta riga waƙarku da shekara biyu. In wannan bai isa ba, ku sa wani mai kunne ya saurari waƙar taku a daƙiƙa ta 19. Ƙarƙashin fiyanon akwai kukan jaki. Jakin kawuna ne, an ɗaure shi a gindin gawo a bakin gonar. Shi ma kun mallake shi?

Na shigar da ƙorafi ta hanyar da aka tsara. A nan na gane wanda zai duba ƙorafin shi ne wanda nake ƙara, wato ku, kuma an ba ku kwana 30. Kuka ce da'awarku tana nan daram. Na ɗaukaka, kuka sa aka sauke bidiyon gaba ɗaya, aka buga wa shafina gargaɗi, wanda in ya kai uku an rufe shi ke nan. Ƙofar da ta rage ita ce ta dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, wadda ke neman in bayar da adireshina kuma in sa hannu cewa na yarda a yi shari'a da ni a kotun can. Ni malamin firamare ne. Iyakar tafiyata Abuja, ita ma sau ɗaya.

Na yi bincike don in san ko ni kaɗai abin ya faɗa wa. Ashe a 2015 wani mawaƙi a Ostireliya ya sa sautin shuuu na sa'a goma a intanet, irin na rediyon da ba ta kama tasha ba, zuwa 2018 sai da aka yi masa da'awa biyar a kansa. Kamfanin Warner/Chappell ya shekara da shekaru yana karɓar kuɗi kan waƙar Happy Birthday to You, har wani alƙali a Amurka ya yanke a 2015 cewa ba shi da haƙƙin kalmominta, kamfanin ya amince ya mayar da dala miliyan 14. Waɗanda suka kai Warner/Chappell ƙara sun samu lauyoyi. Mai gangar noma wa zai tsaya masa?

Kada ku ɗauka ina gāba da kare haƙƙin mai fasaha. Na ga yadda masu satar kaset da faifai suka durƙusar da 'yan fim da mawaƙan Kano, mutum ya ci bashi ya yi aiki, kafin mako ya zagayo kwafin bogi ya cika kasuwa. Amma dokar farko ta irin wannan, wadda aka yi a Ingila a 1710, shekara 14 ta ba marubuci. Yanzu an kai ta tsawon ran mutum da ƙarin shekara 70 bayan mutuwarsa, kuma mafi yawan lokaci kamfani ne ke riƙe da takardar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko a dokar ma ba ku da tudun dafawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba wanda ya naɗi sauti haƙƙinsa na shekara 50, kuma ni na naɗi wannan. Taken kansa kuwa kiɗan gargajiya ne, wanda dokar ta ce mai son yin kasuwanci da shi sai ya nemi izinin hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Shin kun nema? Ku nuna mini takardar. Ni ban isa in ce taken nawa ba ne, Baba ma bai taɓa cewa nasa ba ne, balle kamfanin da ba a kafa shi ba lokacin da kakana ke yawo da gangar nan daga gona zuwa gona.

Ban nemi a sauke waƙar yaron nan ba, ku bar shi ya ci abincinsa, a dai rubuta inda kiɗan ya fito. Abin da nake nema ku janye da'awarku, a mayar da bidiyon da duk addu'o'in da ke ƙarƙashinsa, a goge gargaɗin, a dawo da kuɗin da kuka karɓa komai ƙanƙantarsa. Kwafin wannan wasiƙa zai je ofishin hukumar, tare da asalin bidiyon da ke wayata.

Mahaifiyata ba ta karatun boko. Kowace Juma'a ƙanwata kan buɗe mata shafin ta karanta mata sababbin addu'o'in da aka yi wa mijinta. Ta tambaye ni me ya faru, na ce wani kamfani ne ya ce kiɗan nasa ne. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambaye ku a gonar wa kuka kaɗa shi. To, na tambaya, ina jiran amsa daga bakin mutum.

Wassalam,
Ɗan makaɗin gangar noma, daga ƙasar Malumfashi