Dan Allah iyaye a daina ce wa yara baƙar mage mayya ce

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da wasu za su ga ƙarami ne amma ni wallahi ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ina zaune a Tudun Wada nan Zariya, ina da mage baƙa wuluk muna ce mata 'Yar Baƙa, shekara 2 kenan tana gidanmu, tun tana 'yar mitsitsiya maigidana ya tsinto ta a bakin kwata da damina ruwa ya jiƙa ta sharkaf ko kuka bata iya yi sosai. Tunda ta girma ɓera ya ƙaurace mana, a da kuwa buhun masara da na wake duk sai sun farke mana su, ga kashinsu a cikin kwanuka, kuma kowa yanzu ya san ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa in ya taɓa abinci.

Yaran layinmu sun saba da ita sosai. In an taso Islamiyya da yamma sai kaga sun cika min tsakar gida da hijabansu da jakunkunansu, wani ya ɗaura leda a jikin kara yana ja tana bi tana tsalle, wata ta ɓoyo mata kan kifi daga gidansu a takarda, har faɗa suke a kan wa zai ɗauke ta. Lokacin hunturu kuwa, ka dai san sanyin Zariya, a gefen murhu take kwanciya ta fito duk jikinta toka su zauna suna kakkaɓe mata suna dariya. Bata taɓa cizon kowa ba, kyanwar Lami ce ta gaske, in sun dame ta sai dai ta haye katanga ta zauna tana kallonsu.

To wata 3 da suka wuce sai ga autana ya shigo da gudu yana kuka wai Mama an harbi 'Yar Baƙa. Na fito na ganta a zaure tana jan ƙafa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe jini na zuba. Ashe yaran layin bayanmu ne suka rutsa ta a wani kango da danƙo da duwatsu. Da aka kawo min wanda ya fara harbin, yaro ne bai fi shekara 9 ba jikinsa sai rawa yake, nace masa ɗana me ta maka? Sai yace "Mama ba abinda ta min, Innarmu ce tace baƙar mage mayya ce da dare take rikiɗa ta kama kurwar mutum." Wallahi Edita jikina sanyi ya yi, na kasa ko ɗaga masa murya, don yaron nan shi a zuciyarsa gani yake aikin kirki ya yi, ya kare unguwa.

Washegari na saka ta a kwali muka hau Keke Napep har Samaru asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. A nan ne ma na gode Allah da ban bi shawarar wata maƙwabciyata ba da tace in jiƙa mata farasitamol, likitan yace wannan maganin guba ne ga mage kashe ta yake ko kaɗan ne, dan Allah masu mage a kiyaye wannan. An wanke mata ciwon an bata magani, daga baya muka koma aka mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana kamuwa da shi kuma tana iya sa wa mutum. Shi ya sa nake gaya wa yaran kada su taɓa magen da basu sani ba, in kuma an samu cizo ko yakushi a wanke wajen da sabulu da ruwa kamar minti 15 sannan a tafi asibiti, kada a tsaya shafa toka ko man gyaɗa. Ƙafar ta warke, idon ne dai har yau bata gani da shi sosai.

Abinda ke bani mamaki mu fa musulmi ne, kuma hadisin nan sananne ne yana cikin Bukhari da Muslim, matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, bata bata abinci ba kuma bata sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu. Sahabi Abu Huraira ma laƙabin nasa daga 'yar kyanwa ya samo shi. Annabi (SAW) yace mage ba najasa bace, tana cikin masu kai kawo a tsakaninmu, yana nan a Muwaɗɗa ta Imam Malik da malamanmu na cikin birni ke karantarwa a zaure kullum. To ina aka samo maganar maita? Baƙin gashi ne kawai Allah Ya bata kamar yadda Ya ba wata fari wata ja. Ina roƙon malaman Islamiyya da limamai su dinga sako wannan a karatu, don yaro abinda babba ya faɗa masa shi yake riƙewa, kuma mu iyaye mata mu muka fi tsorata su da irin waɗannan maganganun don kawai su shigo gida da magariba.

Satin da ya wuce 'Yar Baƙa ta haihu, 'ya'ya 4 a bayan buhun gawayi, ko ido basu buɗe ba tukun. Yaron nan da ya harbe ta yanzu yana zuwa, amma a bakin zaure yake tsayawa yana leƙe bai yarda ya shigo ba, yace Innarsu ta hana shi. Shekaranjiya ya tambaye ni a hankali wai in sun girma zan bashi mai farin wuyan nan? Nace masa sai Innarku ta yarda. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan shiga gidansu da kaina mu gaisa da ita mu yi maganar.

Nagode Edita, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Daga wata uwa,
Tudun Wada, Zariya