Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan ƙasusuwan da aka tsinta a daji

Assalamu alaikum Hajiya,

Kin bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, kika ce manoma sun tsinci ƙasusuwan mutum a dajin garinku, ga shi ɗanki ya daɗe da ɓacewa. Kika tambaya ko masana za su iya duba ƙashi su faɗi lokacin da mai shi ya rasu. Allah Ya bayyana miki shi.

Za su iya kintata, amma kada ki sa ran jin rana ko wata. Abin da za su ce shi ne, tsakanin shekara kaza da kaza. Ƙashin da bai jima ba yana da nauyi da maiƙo da ɗan wari. Wanda ya sha rana da ruwan sama kan yi fari fat, ya tsattsage, ya yi sakayau a hannu. Suna kuma duba ɓawon tsutsar ƙuda da ya rage a wurin, da saiwar da ta ratsa ƙashin, da tufafi. Sai dai wuri yana sauya komai. A zafi irin namu, ga ungulu ga karnuka, gawar da ke fili kan koma ƙashi cikin makonni, wadda aka binne kuwa ta daɗe ba ta kai haka ba.

Manyan masana ma sun sha kuskure. A 1977, a jihar Tenesi ta Amurka, Farfesa William Bass ya duba wata gawa ya ce ba ta wuce shekara ɗaya ba. Ashe ta Kanar William Shy ce, wanda aka kashe a yaƙi tun 1864. Maganin hana ruɓa da akwatin ƙarfe ne suka adana ta. Wannan kuskuren ya sa Bass ya buɗe filin nazarin ruɓewar gawa a Jami'ar Tenesi.

Don haka, Hajiya, kada ki ɗora zuciyarki kan lissafin shekaru. Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, shi zai nuna ko ɗanki ne, in aka gwada haƙori ko ƙashin cinya da yawunki. Ki roƙi mai gari kada a wanke ƙasusuwan, kada a tattara su, kada a yi musu sutura kafin 'yan sanda da likita su gani. Ki kuma kai sunansa da hotonsa ofishin Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace.

Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Wassalam.