Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya daga Argungu kan tiyatar zuciya

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin lafiya na rediyo ka tambaye ni ko tiyatar baifas da aka rubuta wa mahaifinku ta kai a sayar mata da gonar shinkafa. Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Aikin dai sananne ne tun 1967, lokacin da René Favaloro, likita ɗan Ajantina, ya yi shi a Cleveland ta Amurka. Akan ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye inda jijiyar zuciya ta toshe, kamar yadda kuke yi wa ruwa sabuwar hanya a fadama.

Amma ba kowa take biya ba. Idan babbar jijiyar hagu ta zuciya ce ta toshe, ko duka manyan jijiyoyin zuciya guda uku, musamman ga mai ciwon suga, tiyatar kan ƙara kwana da izinin Allah. Binciken FREEDOM na 2012 ya nuna ta fi sa ƙarfen buɗe jijiya amfani ga masu suga. Wannan kam kuɗi bai tafi a banza ba. Idan kuwa ciwon bai tsananta ba, binciken ISCHEMIA na 2019 ya gano cewa waɗanda aka fara da magani ba su fi waɗanda aka yi wa aiki mutuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin ciwon zuciyar da muke gani a nan Kebbi daga hawan jini yake, ko lalacewar ƙofofin zuciya, kuma baifas ba ta gyara su. Don haka kada ku taɓa gonar nan sai an ɗauki hoton jijiyoyin Baba, wato anjiyogiram, wani likitan zuciya na biyu ya duba.

In ta tabbata sai an yi tiyatar, ku yi lissafi har da na bayan aiki. Masu zuwa Indiya sukan manta da tikitin mai jinya da masauki. Asfirin da maganin kitsen jini kuma har ƙarshen rayuwa ne, domin jijiyar ƙafa da aka dasa kan sake toshewa bayan shekaru, ta ƙirji ta fi ta ƙarko. Gonar ce za ta riƙa sayen maganin. Ku fara tunanin jingina ko sayar da wani yanki, ku kuma tambayi farashi a asibitocin cikin gida, ai tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Inugu.

Allah ya ba Baba lafiya.

Naka, likitan shirin, Birnin Kebbi.