A Tsara Hanya da Gada Tun Kafin a Haƙa Magudanar Ban-Ruwa

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin noman rani kan hanyoyin da masu tafiya a ƙasa da masu keke ke bi tare a gefen magudanan ruwa. Injiniyoyi kan so faɗin irin wannan hanya ya kai mita 3, kuma a bar fili tsakaninta da gaɓa domin injin kwashe laka da ciyawa ya samu wurin aiki.

Batun gada ya fi damuna. Bangon magudanar da aka shafe da siminti yana da gangare, ga gansakuka mai santsi, saboda haka yaron da ya zame da wuya ya iya fitowa da kansa. Ya kamata makarin gada ya haura mita 1, ƙarafunansa a matse, sannan gadar ta ɗaga sama da iyakar cikar ruwa, ba tare da ginshiƙi a tsakiya da zai riƙa tare shara ba. Idan gadoji suka yi nisa da juna, mutane za su gitta katako su haye, shi ya sa nake ganin wajibi ne a tuntuɓi manoma kafin a zaɓi wurin kafa kowace gada.

Naka,
Wani mai karatu