Kan faifan Mdou Moctar da abin da masu sharhi ba su ji ba

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya aikin situdiyo? Tun da ka yi amarya wayarka ta daina shiga, sai dai a ji labarinka a bakin direbobin Kumasi. Ka gaishe ta, ka ce ta riƙa ba mu aronka.

Sharhin nan da ka turo kan Funeral for Justice, faifan da kamfanin Matador ya fitar wa su Mdou Moctar, makaɗin jitan nan ɗan Nijar, a Mayun 2024, shi ya hana ni sakat. Yabo kam an sha shi a Amurka da Ingila, kuma ya cancanta. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitan Amurka, yake ambata, wai Mdou ne Hendrix na Sahara, don dukansu bahagwai ne masu riƙe jita samfurin Stratocaster. Daga nan sai a manta mutum huɗu ne a ƙungiyar.

Ka sa abin ji a kunne, ka bar jitar Mdou gefe, ka bi ta Ahmoudou Madassane. Yana iya tsayawa kan kiɗa ɗaya minti biyar bai gusa ba, kuma a kansa komai ya jingina. Sai Souleymane Ibrahim a ganga, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har waƙa ta ƙare da gudun da ba da shi ta fara ba. Kiɗan bikin Agadas ke nan, mai tayar da 'yan rawa. Shi kuwa Mdou da yatsa yake kaɗa tsirkiya, ba da ɗan robar nan ba, yatsun ɗaya hannun na dannawa suna saki, shi ya sa sautin ke zubowa ba yankewa.

Nan ne ya shafe ka. Kwana biyar suka yi suna ɗauka a wani gida a jihar New York, Mikey Coltun mai jitar bes shi ne furodusa. In za ka ɗauki irin wannan, kashe ƙararrawar ƙidaya ta kwamfuta mai daidaita gudun kiɗa, don in ka ɗaure mai ganga da ita saurin nan ya mutu. Amma ka sani ba za ka iya yanko baiti daga ɗauka ta farko ka liƙa a ta uku ba, gudunsu ya bambanta. Dole a yi waƙar daga farko zuwa ƙarshe, a zaɓi mafi kyau. Farantan ƙarfen ganga kuma suna kutsawa cikin kowace makirfo da ke ɗakin, saboda haka amfilifayar jita ta koma wani ɗaki ko a rufa mata bargo mai kauri, murya a ɗauke ta daga baya.

Af, ƙanenka ya sayar da janaretan nan, ya ce kai ka ba shi izini. Gaskiya ne?

Sai maganar harshe. Da Tamashek ake yawancin waƙoƙin, har akwai wadda ke kira ga Abzinawa kada su bari harshensu ya ɓace, da wadda ke yi wa Faransa magana kai tsaye. Mai sharhin da fassara kawai ya karanta sai ya ɗauka juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya haife su, alhali an gama ɗauka kafin nan. Juyin dai ya rutsa da su a Amurka, suka kasa komawa gida, a zaman ne suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita marar lantarki, aka fitar a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Ka tuna a Sakkwato Mdou ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, muryarsa cike da ototun, gyaran muryar nan na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinanmu, ta yi ta yawo a memorin wayoyi? Kada dai ka saurari Funeral for Justice ta lasifikar waya, bes ɗin duk ɓacewa yake.

Ka amsa maganar janareta kafin Juma'a.

Naka har kullum.