Malama, harafin X ya haɗa ni da yayan matata

Assalamu alaikum Malama, ina gaishe ki da aiki, ke da masu taya ki shirin nan. Yau kwana uku ban yi barcin kirki ba, cikin dare nake rubuto miki, don haka ki yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse.

Yayan matata ne ya tozarta ni a gaban baƙi. Ran Talata muna kiran bidiyo da mutanen da suka ba mu kwangila, ya buɗe baki ya ce wai yaron da ya ɗauka ne bai iya aiki ba. Yaro! Ni da na ajiye ƙanwarsa shekara shida, da 'ya'ya biyu a tsakaninmu.

Bari in koma baya. Ni injiniyan lantarki ne, a Samaru nake zaune. Yaya ne ya samo aikin daga wani kamfani na waje, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ƙera cip, wato ɗan ƙwaƙwalwar na'urar lantarki, muke yi a Zariya ba, ina! Tsarinsa muke rubutawa da yaren SystemVerilog. Shi yana rubuta da'irar, ni kuma ina rubuta 'yan gadi, wato layukan da ke sa ido a lokacin gwaji a kwamfuta, su yi ihu idan da'irar ta yi abin da ba a ce ta yi ba. Mu asashan muke ce musu.

Na san ba fanninki ba ne, amma sai kin fahimci wannan za ki ga zaluncin. A yaren nan waya ba 0 da 1 kaɗai take ɗauka ba. Akwai Z, wato waya a sake, babu mai tura mata komai. Akwai kuma X, ma'ana ba a san ko 0 ce ko 1 ba. Rijista ɗan wurin ajiye lamba ne a cikin da'ira, riset kuma shi ne mayar da ita kan lambar farawa. Duk rijistar da ba a yi wa riset ba da X take farkawa a gwaji, kuma idan kika buɗe GTKWave, manhajar da ke zana abin da wayoyi ke ɗauke da shi, ja wur za ki gan ta. To shi if, wato umarnin "idan kaza ne, yi kaza", da zarar sharaɗinsa ya zama X, sai ya ɗauke shi a matsayin a'a, ya zarce else, wato ɓangaren "in ba haka ba", abinsa. Ba gargaɗi, ba komai, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Yaya ya bar rijista ɗaya babu riset, wai don rage girman da'ira. Shi ya bari, ba ni ba. X ya fito daga cikinta ya bi wayoyi ya gurɓata sakamako. Ɗan gadina kuma cewa yake: idan abin da ya fito != abin da ake tsammani, wato idan sun bambanta, yi ihu. Amma, a misali, X != 5 ba eh ba ne, ba a'a ba ne, wani X ɗin ne, sai if ya haɗiye shi. Haka muka yi mako biyar komai na nuna an ci gwaji. E, da !== na sa da ya kama, domin shi yana kwatanta har X da Z, amsarsa kuma kullum 0 ce ko 1. Alama ɗaya tak, Malama. Wane ne bai taɓa mance alama ɗaya ba, alhali yana aiki ƙarfe biyun dare da batirin da ke ƙoƙarin mutuwa, an ɗauke wuta tun magariba?

Kuma ai na faɗa masa. Tun da damina na ce mu sa $isunknown a kan muhimman wayoyi, ya riƙa tona X duk inda ya ɓuya. Ya ce abin yana cika masa allo da kuka kafin riset ya sauka. Na ce ai don haka aka yi disable iff, a rufe bakin ɗan gadin har riset ya wuce. Ya ce ba lokaci, a cire. Saƙon yana cikin WhatsApp ɗina har yanzu, da muryarsa. Shi ne kuma ya mayar da gwajin kullum kan wata manhajar gwaji mai suna Verilator saboda sauri, alhali Verilator da 0 da 1 yake aiki, ba ya riƙe X yadda ake bukata. Haka yake tun asali, ba ya son a fi shi. Ko ranar ɗaurin aurenmu sai da ya sauya wurin walima ba tare da ya shawarci kowa ba.

Na manta ban gaya miki ɗaya asashan ɗin ba, mai alamar |->, wanda ke cewa idan alamar shiri ta tashi, to bayani ya zama daidai. Ita ma alamar shirin X ta zama, sai aka ɗauka ba ta tashi ba, asashan ya wuce lafiya ba tare da ya duba komai ba. Wannan ma ni na rubuta, amma kowa haka yake rubuta shi.

Injiniyarsu ce ta gano, ta turo hoton allo ja jawur. Allah Ya taimaka ba a kai ga ƙera cip ɗin ba, domin a cip na gaske babu X, rijistar za ta farka a 0 ko 1 yadda ta ga dama, wani cip ya yi aiki wani ya ƙi. Na gyara komai cikin kwana ɗaya. Duk da haka sun riƙe kuɗin zango na biyu, kuma da shi na yi niyyar biyan haya.

Matata ta ce in bar maganar, wai Yaya ne ya ranta mana kuɗin sola, kuma ko kwabo bai taɓa tambaya ba. Gaskiya ne, amma bashi ai ba bauta ba ne. Jiya ta je gidansu a Tudun Wada, ta dawo ba ta ce min uffan ba, sai dai ta ce Hajiya, mahaifiyarsu, na nemana ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ban san me ya shirya mata ba. Ta yaya zan yi wa surukata bayanin != da !==, ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita?

To Malama, in tura wa kamfanin saƙon muryar nan su san waye ya ce a cire gadin? Idan na tura, watakila kwangilar ta tafi gaba ɗaya, har da abincina. Idan ban tura ba, sunana ya ɓaci a sana'ar da masu yin ta a ƙasar nan ba su da yawa. A gaskiya ma ba wannan ne ya fi damuna ba. So nake ya janye kalmar yaro a gaban waɗanda ya faɗe ta. Shin ni zan fara zuwa wurinsa, ko in jira Juma'ar? Kuma idan Hajiya ta tambaye ni ko da laifina a ciki, me zan ce mata?

Don Allah kada ki ambaci unguwarmu idan za ki karanta, yana sauraron shirinki.

Mai sauraronki,
daga Zariya