Wasiƙa daga Los Anjeles

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? A gaishe min da ita sosai, da maiɗakinka da yara.

Na ga saƙonka kan Auta, wai ya kafe sai ya taho nan ya shiga harkar fim. Don Allah Yaya ku zaunar da shi, garin nan ya canza.

Ka san aikina jigilar fitilu da igiyoyin wuta ne zuwa inda ake ɗaukar fim. A da tun kafin asuba manyan motoci suke cika titunan Burbank, unguwar da Disney da Warner Bros suke. Yanzu sai mutum ya yi mako waya ba ta yi ƙara ba. A 2023 marubuta suka shiga yajin aiki daga Mayu zuwa Satumba, 'yan wasa suka bi su daga Yuli har Nuwamba. Kukansu gaskiya ne: tunda kallo ya koma irin su Netflix, ɗan kason da ake ba su in an maimaita fim ya tsuke, ga kuma fargabar kwamfuta ta kwaikwayi fuskar mutum da muryarsa. Yajin ya ƙare, amma aikin bai dawo yadda yake ba.

Manyan kuma sai haɗiye juna suke yi. Disney ta sayi Fox a 2019 kan dala biliyan 71, Amazon ta ɗauke MGM a 2022, Paramount ta haɗe da Skydance a 2025, kuma duk haɗewa sallamar ma'aikata ce ke biyo baya. Ɗaukar fim ɗin ma an kwashe ta zuwa Atlanta da Kanada da Landan, inda ake musu rangwamen haraji. Wata dattijuwa maƙwabciyata, tela ce mai ɗinka wa 'yan wasa kaya, da idona na ga ta jera kekunan ɗinkinta a bakin gareji tana neman mai saye. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Ka tuna yadda kasuwar faifai ta mutu a Ƙofar Wambai, 'yan Kannywood suka koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24? Can Auta yake da ƙofa, da harshensa da masu kallonsa. Gajerun abubuwan da yake ɗauka da abokansa na kalla, yaron yana da ido, sautin ne kawai ba ya fita.

Ƙarshen wata in Allah ya yarda zan turo kuɗin maganin Inna, da ƙari a saya masa makirufo mai kyau. Ka ce masa ya kira ni ranar Juma'a bayan isha'inku.

Naka,
ƙaninka